Filin Mata: Ba Kowace Mantuwa Ce Sakaci Ba

Makon jiya na yi alkawari zan kawo bayanin yadda ake ajiye wake kada ƙwari su ɓata shi. To, ku yi mini aikin gafara, na ɗaga wannan sai mako mai zuwa. Dalili kuwa shi ne wata takarda da ta zo mini daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, na ga ba irin wadda za a bari ta kwana bakwai ba ce. Mai takardar ta roƙa kada in faɗi sunanta, na kuwa karɓa. Ga abin da ta ce:

"Malama, ina da ƙanwa, shekararta 21, wata 9 ke nan da aurenta. Yarinya ce mai kai, ita ke riƙe mana lissafin adashi ba tare da takarda ba. Yau kimanin mako 5 ta yi ɗan zazzaɓi da ciwon kai, ta sha magani ya sauka. Tun daga nan sai ta soma mantuwa. Ta sa gishiri a miya sau biyu, sau uku. In an ba ta saƙo, kafin ta kai zaure ya ɓace mata. Na je duba ta da hantsi, muka ci abinci tare, da la'asar sai ga ta a waya tana mini ƙorafi wai na daina zuwa wurinta. Ba ta barci da dare. Wani lokaci ta yi ta dariya ko kuka ba dalili, sau 2 kuma ta faɗi tana jijjiga. Uwar mijinta ta ce raini ne da son jiki. Innarmu ta ce iska ce. Wasu sun nuna uwargidanta da yatsa, har an daina gaisawa. Mijin ya ce in abin bai sake ba bayan kaka za ta je gida ta huta, kin kuwa san ma'anar wannan. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an sayar da tunkiya. Me za mu yi?"

Yaya, amsata gajeriya ce. Ku kai ta asibiti gobe da safe, kada ku jira a gama kaka. Likita ne zai faɗi sunan ciwon bayan ya duba ta, amma abubuwan da kika lissafa alamun ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa, ba alamun raini ba. Akwai kuma wani ciwo da ke zuwa da wannan kama sak, wanda yake da magani in an yi hanzari. Tun da ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bari in yi mana bayaninsa mu duka.

MANTUWA IRI-IRI CE

Kowa na mantuwa. Mace mai goyo, ga girki, ga surfe, ga rashin barci, lalle ta ajiye makulli ta neme shi ta rasa. Amma da an tuna mata sai ta ce, "Af, haka ne!" Wannan ba ciwo ba ne, gajiya ce.

Akwai kuma mantuwar da kan sami wasu tsofaffi, wadda kan shigo a hankali, shekara da shekaru, har tsohuwa ta kai ba ta gane jikokinta. Ita ma ciwo ce, amma tafiyar hawainiya take yi.

Wadda muke magana yau ta uku ce. Mutum yana lafiya lau, cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni sai ya kasa riƙe sabon abu. Ko an tuna masa ba ya cewa "af", domin a wurinsa abin bai faru ba sam. Wannan ita ce mantuwar da ba a zauna mata.

MAI KAI DAMI RUMBU

Mu 'ya'yan manoma ne, saboda haka bari in kawo misali daga gona. In an girbe dawa, ba ta zama abincin shekara sai an ɗaure ta dami-dami an kai rumbu. Dawar da aka bari a ƙasa kuwa, gara da tsuntsaye da awaki su ke da ita.

To, haka tunani yake. Duk abin da kika gani ko kika ji yau kamar sabon girbi ne zube a gona. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe wanda aikinsa shi ne ya ɗaure wannan girbi ya kai ma'ajiya. Likitoci suna kiransa hifokamfas. Guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, can ciki daura da kunnuwa, kowane bai wuce tsawon yatsa a lanƙwashe ba. Wani likitan Italiya mai suna Aranzi ya raɗa masa wannan suna a 1587, domin ya ga ya yi kama da wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki.

In mai kai dami ya kwanta ciwo, rumbu bai rushe ba. Tsohon hatsi yana nan. Shi ya sa za ki ga mai wannan lalura ta san sunanta, ta san danginta, tana kawo karatun da ta haddace tun tana allo, amma ba ta san ko ta karya kumallo ba. Wannan ne ke rikita mutanen gida, har su ce, "Ai da gangan take yi. Wadda ke tuna bashin bara, ta yaya za ta manta saƙon ɗazu?" Alhali kuwa bashin bara ya riga ya shiga rumbu, saƙon ɗazu ne bai sami mai ɗauka ba. Wasu ma har tsofaffin al'amura sukan yi musu dishi-dishi: ta san an yi bikinta, amma ba ta iya kawo yadda ranar ta kasance. Har wa yau wannan sashe shi ke taimakon mutum gane hanya, don haka mai ciwon tana iya ɓacewa tsakanin gida da rijiya.

MUTUMIN DA YA RASA JIYA

Ta yaya aka san aikin wannan ɗan sashe? Ta kan wani saurayi ne a Amurka mai suna Henry Molaison. Farfaɗiya ta matsa masa ƙwarai, sai a 1953, yana da shekara 27, wani likita mai suna Scoville ya yi masa aiki a garin Hartford, ya cire masa yawancin hifokamfas na dama da na hagu. Farfaɗiya ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara riƙe sabon al'amari ba. Hankalinsa kuwa lafiya lau, yana hira, yana ladabi, yana ba da labarin ƙuruciyarsa.

Wata mace masaniya, Brenda Milner, ta riƙa zuwa daga Kanada tana nazarinsa shekara da shekaru, amma kullum ta shigo sai ta sake gaya masa ko ita wace ce. Ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana duban hannunsa ta madubi, abu mai wuya. Kowace rana yana ƙara gwaninta, kowace rana kuma yana cewa bai taɓa yin wannan aiki ba. Watau hannu yana da tasa ma'ajiya dabam. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Bawan Allah nan ya rayu a haka shekara 55, ya rasu a 2008.

IN MASU GADI SUKA JUYA WA GIDA

Shi wancan wuƙar likita ce ta taɓa shi. Amma abin da ya fi taɓa wannan sashe ga sauran mutane shi ne ciwo, musamman kumburin ƙwaƙwalwa.

Mu a nan ba baƙin ciwon da ke shiga kai ba ne. Iyayenmu ba su manta sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa. Ya kuma sake taɓa Jihar Katsina da maƙwabtanta a 2017. Sanƙarau ƙwayar cuta ce daga waje ke shiga ta kumbura rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Akwai wasu ƙwayoyin cutar kuma da ke shiga ƙwaƙwalwar kanta.

Wanda nake son ku sani yau ya bambanta, domin ba baƙo ne ya shigo ba. Allah ya sa wa jikinmu masu gadi a cikin jini, su ake kira garkuwar jiki. In cuta ta shigo sai su ƙera makamai daidai da ita su hallaka ta. Aikin allurar rigakafi ke nan, ta nuna wa masu gadi kamannin ɓarawo tun bai zo ba. To, wani lokaci masu gadin nan sukan yi kuskure, su ɗauki wani sashe na jiki a kan ɓarawo, su far masa. In ƙwaƙwalwa suka far wa, sai ta kumbura. Tun a 1960 wasu likitoci a Ingila suka ba da labarin kumburin da ke zaɓar wannan yanki na tunani, a 1968 kuma aka lura yakan zo tare da ciwon daji a wani wuri na jiki. Shekaru da yawa ana ɗaukarsa ciwo ne da ba shi da makawa. Sai a wannan ƙarni aka gano cewa iri-iri ne, kuma da yawansu suna jin magani.

WANDA YA FI KAMA MATA

A 2007 wani likita ɗan ƙasar Sifen, Josep Dalmau, da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, suka bayyana wani iri da ya fi shafarmu. Cikin kowane mutum 5 da ya kama, kimanin 4 mata ne, galibi 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya. Yara ma yana kama su.

Ga yadda yake aiki. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna miƙa wa juna saƙo ta wasu 'yan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Wani iri na ƙofofin nan, wanda ake kira NMDA, ya fi yawa a hifokamfas. Makaman masu gadi sukan manne wa ƙofofin su sa a rufe su, saƙo ya daina wucewa. Abin farin ciki shi ne rufe su ake yi, ba rushewa ba. In aka janye makaman, sai ƙofofi su riƙa buɗewa sannu a hankali.

Yakan fara da ɗan zazzaɓi ko ciwon kai. Bayan 'yan kwanaki sai hali ya sake: rashin barci, tsoro, zargin mutane, jin muryoyi, surutu ko kuma yin gum. Sa'an nan mantuwa, da jijjiga, da motsin baki da harshe kamar mai tauna, da murɗewar hannu. In an bar shi yana iya kaiwa ga dogon suma, numfashi ya yi rauni, har a rasa rai. Ku duba wannan jeri da kyau, 'yan'uwa. Wace ce cikinmu za ta ga yarinya a haka ba ta ce iska ba?

Ba mu kaɗai ke wannan kuskure ba. A 2009 wata 'yar jarida a birnin New York, Susannah Cahalan, mai shekara 24, ta kamu da shi. Likitocin farko suka ce yawan shan giya ne ko taɓin hankali. Sai wani likita haifaffen Siriya, Souhel Najjar, ya ba ta takarda ya ce ta zana agogo. Ta zana da'ira, ta cusa lambobin duka 12 a gefen dama. Nan ya gane ƙwaƙwalwar ce ta kumbura. Aka yi mata magani, ta warke, ta koma aikinta, har ta wallafa littafi a kan ciwon a 2012. Amma watan da ta yi a asibiti kusan duk ya goge mata, sai daga takardun likitoci da hotunan asibiti da abin da iyayenta suka rubuta ta haɗa labarin.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowace mace ta sani. A cikin matan da suka balaga masu wannan ciwo, kusan rabi akan same su da wani ƙari a jakar ƙwai, watau wurin da ƙwan haihuwa ke fitowa a gefen mahaifa. Galibi ba na daji ba ne. Abin mamakin wannan ƙari shi ne akan sami gashi a cikinsa, ko haƙori, ko ɗan nama irin na ƙwaƙwalwa. Masu gadi sukan far wa wannan ɗan nama, daga nan su wuce su far wa ƙwaƙwalwar gaske. To, in likita ya cire ƙari kuka ga gashi da haƙori, kada wata ta tafa hannu ta ce an ga jifa. Ba mai iya cusa gashi a cikin mutum. Jiki ne da kansa ya tsiro da shi, likitoci kuwa sun daɗe da saninsa, ana ganinsa a kowace ƙasa. Cire shi ma yana cikin maganin.

WANDA YA FI KAMA IYAYENMU MAZA

Akwai wani iri da aka tantance a 2010, ana kiransa LGI1. Shi ya fi kama manya, daga shekara 50 zuwa sama, maza sun fi yawa. Alamarsa ta farko ƙarama ce har a raina ta: gefen fuska da hannu na ɓangare ɗaya su yi zillo tare, na daƙiƙa 2 ko 3, sau da yawa a yini. Tsoho yana riƙe da moɗa sai ta suɓuce, ko carbi ya faɗi. Wannan zillo yakan riga mantuwa zuwa da makonni. Likitocin Oxford a Ingila sun nuna cewa in aka ba da maganin kwantar da garkuwar jiki tun a wannan mataki, zillon yakan tsaya, sau da yawa kuma a tsira daga mantuwar. In aka yi jinkiri, kumburi da yawan jijjiga sukan sa hifokamfas ya motse, ya yi tabo. Abin da ya motse kuwa ba ya sake tohowa kamar da. Dalilin gaggawa ke nan. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Kada wata ta karanta wannan ta tsorata don ta manta inda ta ajiye ludayi. Ciwon ba shi da yawa. Irin na NMDA, a ƙasashen da aka ƙirga, cikin mutum miliyan bai wuce 1 ko 2 yake kamawa a shekara ba. Amma ga wadda ya kama, ƙirga ba ta da amfani. Ku lura da waɗannan:

1. Mai lafiya ya soma kasa riƙe sabon abu cikin ƙasa da wata 3, yana maimaita tambaya ɗaya.
2. Hali ya sake farat ɗaya ga wanda bai taɓa taɓin hankali ba.
3. Jijjiga ko faɗuwa ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba.
4. Motsin baki, fuska ko hannu wanda ba shi ya sa kansa ba.
5. Magana ta ragu ko ta rikice, barci ya ƙaurace, ko kuma ya yi yawa.

In biyu ko uku suka haɗu, asibiti. In kuwa da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya, ko da tsakar rana ne a ajiye komai a tafi, domin yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai.

INA ZA A NUFA?

A fara da Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, wanda ya fi kusa. A gaya wa likita kome daki-daki, a roƙe shi takardar turawa gaba in ya ga da bukata. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana bakin hanyarmu ta zuwa Zariya. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da na Malam Aminu Kano a Kano. A nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A tashi da sassafe, kun dai san halin da hanyoyinmu ke ciki da dare.

Mai rakiya ta kasance wadda ta ga abin da idonta, domin marar lafiya ba za ta iya ba da labarin kanta ba. Tana iya gaishe da likita lafiya lau har ya zaci ba kome. Ki rubuta ranar da abin ya fara da yadda ya biyo baya. In jijjiga ta zo, wata ta ɗauki hotonta mai motsi a waya a nuna wa likita shi kaɗai.

Likita zai so ya ɗebi ɗan ruwa daga gadon baya da allura. Na san da yawa cikinmu suna tsoron wannan, har akan gudu da marar lafiya da dare. Kada ku gudu. Ruwan kaɗan ne, jiki yana mayar da shi cikin sa'o'i, kuma shi ke nuna ko ƙwayar cuta ce ko masu gadi ne. Ana iya yin awon lantarkin ƙwaƙwalwa, da hoton kai na MRI, da hoton ciki don neman ƙarin nan. Akwai gwajin da ke gano makaman kansu, amma tun 2016 manyan likitocin wannan fanni suka yi ittifaƙi cewa in alamu sun cika, an kuma kawar da zaton ƙwayar cuta, ana iya fara magani ba sai an jira sakamakonsa ba.

Maganin farko shi ne wanda ake kira sitiroyid, mai kwantar da masu gadi, akan fara da shi ta jijiya. Akwai wani ƙarin ruwa da ake tacewa daga jinin masu lafiya, akwai tace jini da na'ura, akwai kuma magunguna masu ƙarfi in na farko bai isa ba. A wani bincike na 2013 a kan mutum 577 masu irin na NMDA, kimanin 81 cikin 100 sun sami sauƙi sosai cikin shekara 2, waɗanda aka fara wa magani da wuri kuwa su suka fi samun lafiya.

Gargaɗi ɗaya: kada wata ta ji sunan magani ta aika kemis. Sitiroyid yana cikin ƙwayoyin da wasu mata ke sha don ƙiba, kuma in aka ba mai ƙwayar cuta a kai ba tare da sanin likita ba, an ɗaure masu gadi ne an bar ɓarawo.

Kuɗi za su fita, ba na ɓoye muku. Amma kaka ce, hatsi yana hannu. Buhun da za a sayar a kai ta Shika ya fi tunkiya uku da za su tafi a hayaƙi. Addu'a kuwa ba wanda ya ce a bari. A yi ta a gida, a yi ta a mota, a yi ta a bakin gadon asibiti. Malamanmu sun sha gaya mana neman magani ba ya warware tawakkali.

ZAMA DA MAI MANTUWA

Sauƙin wannan ciwo ba na dare ɗaya ba ne. Yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekara 1 ko 2, tunani kuwa shi ke zuwa ƙarshe. Wasu sukan warke sarai, wasu a bar su da 'yar mantuwa, wasu kuma ciwon ya komo, don haka ba a yanke zuwa asibiti. Ga abin da mutanen gida za su yi:

Kada a riƙa yi mata jarrabawa, "Wa ya zo ɗazu? Me kika ci?" Wannan ba ya gyara tunani, sai dai ya sa kuka. In ta tambaya sau goma, a amsa sau goma da murya ɗaya.

A ba ta ɗan littafi da biro. Duk wanda ya zo ya rubuta sunansa da lokaci, duk saƙo a rubuta, da boko ko da ajami. Littafin ya zama mai kai mata dami. A ja layi biyar kowace rana, in ta yi salla ta sa alama, domin shakkar ko ta yi ko ba ta yi ba tana damunsu ƙwarai.

Mutum ɗaya ya riƙe magani, shi ke bayarwa. In aka bar mata, ko ta sha sau biyu ko ta ƙi sha sam.

Kowane abu ya zauna wurinsa, kowane aiki a lokacinsa. Kada a sake mata ɗaki ko a juya kaya.

Ku tuna da Henry da tauraronsa. Hannu ba ya mantawa. A bar ta ta yi saƙa, ta yi ɗinki, ta tsince shinkafa, ta yi kitso. Zaman banza yana karya zuciya.

Muddin jijjiga ba ta tsaya ba, kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu ko rijiya, kada kuma ta yi goyo a tsaye ba kowa kusa. In ta faɗi, a janye ta daga wuta, a kwantar da ita ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura mata kome. Yawunta ba ya sa wa kowa ciwo. In jijjiga ta wuce minti 5, a nemi mota.

GARE KU ƘANNENA 'YAN MAKARANTA

Ku ne idon gidajenku, ku ne kuma idon juna a ɗakin kwana. In yarinya mai ƙoƙari ta soma kasa riƙe darasin ɗazu, ta daina barci, tana maganganu, kada ku watse da ihu kuna cewa aljanu sun shigo makaranta. Ku gaya wa uwar ɗaki da shugabar makaranta nan take, ku rubuta abin da kuka gani da kwanan wata. Wannan shafi kuma ku karanta wa iyayenku da ba su yi boko ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yaya mai takarda, na komo gare ki. Ki sami mijin ƙanwarki cikin ladabi, ko ki sa babban da yake jin nauyinsa, a nuna masa matarsa ba ta raina shi ba, ba ta da lafiya ne, kuma hutun da take bukata a gadon asibiti yake. Uwar mijin ma a yi mata bayani a hankali, ita ma abin da ta gani ta faɗa. Uwargidan kuwa ku je ku gaishe ta. Kun ɗora mata laifi ba shaida, ga shi kuma ita ce ke kwana gida ɗaya da ƙanwarki, ita za ta fi kowa iya riƙe littafin nan da maganin nan in kun dawo. Ki rubuto mini abin da likita ya ce, masu karatu za su so ji.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba masu jiyya haƙuri da lada. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar wake.

Taku,
Malamar Filin Mata, Funtuwa.